Fenti a Kan Tayil ɗin Banɗaki: Rufin Asiri Ko Rufa-rufa?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, musamman masu shirin aure da masu neman gidan haya.

Wata sabuwar al'ada ta shigo harkar gyaran gida a garuruwanmu, kuma na ga ba a cika maganarta ba duk da ta shafi aljihu da lafiyar mutane da yawa. Ita ce shafa fenti a kan tayil ɗin bangon banɗaki. Cikin ƴan watannin nan mutane da dama sun tambaye ni a kai, saboda sun san ni ake turawa in tsaya kan magina duk lokacin da za a yi gyara a gidajen danginmu. Tambayar iri ɗaya ce: tayil ya tsufa, ya yi kanta, launinsa ya fita daga yayi, kuɗin sake sabo babu, to in an shafa masa fenti zai zauna? Maimakon in riƙa amsa wa kowa a akwatin saƙo, na ga gara in rubuta abin da na sani a nan, masu sana'ar kuma su ƙara mana haske.

Mu fara da abin da ya kawo maganar, don ba ƙawa ce ta kawo ta ba, babu ce. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, sannan a watan Yuni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, komai na gini ya tashi. Dala da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Siminti ya yi tashin da a watan Fabrairun 2024 sai da gwamnati ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi matsaya a kan Naira 7,000 zuwa 8,000 buhu ɗaya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Mafi ƙarancin albashi kuwa Naira 70,000 ne. Tayil na waje, na Sin da Indiya da Sifen da Italiya, da dala ake shigo da shi. Wanda ake yi a gida, kamar na Ajaokuta da na jihar Ogun, shi ma sai an gasa shi da gas, an ɗauko shi a tirela mai shan dizal har zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja. Kowace gaɓa akwai kuɗinta, kuma mai saye ne zai biya.

Yi lissafin ƙaramin banɗaki, mai faɗin mita ɗaya da rabi da tsawon mita biyu, wanda aka yi wa tayil zuwa tsayin ƙofa. In ka cire gurbin ƙofar, bangon ya kai murabba'in mita 13. Tayil mai awon santimita 25 da 40, goma ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, ka ga kana buƙatar guda 130, ban da waɗanda za su fashe wajen yanka. Kafin nan sai ka biya wanda zai farfasa tsohon, ka biya kwashe ɓaraguzai, ka sake filasta inda bango ya ɓantare, ka sayi siminti da yashi da farin siminti, ka biya mai sa tayil. In guduma ta sami bututun ruwa a cikin bango, ga falamba ya shigo lissafi. Mutumin da ya ji wannan, sai aka nuna masa bidiyo a TikTok wata baturiya ta ɗauki rola ta mayar da tsohon banɗakinta fari fat cikin minti ɗaya, wa zai ga laifinsa in ya ce shi ma haka zai yi?

Amma akwai abin da bidiyon ba ya nunawa. Na farko, ranar da aka gama aikin suke ɗauka, ba sa dawowa bayan wata shida su nuna maka bangon. Na biyu, banɗakinsu daban, namu daban. A Amurka da Ingila wurin wanka a killace yake da gilashi ko labule, sauran bangon kusan a bushe yake wuni. Mu kuwa da bokiti da kofi muke wanka, ruwa ya fantsama ko'ina. A nan ake kama ruwa da buta, a nan wasu ke alwala sau biyar a rana, a nan ake wankin yara, a nan ake jan bahon roba da bokitin ƙarfe suna gogar bango. Gidan da ke da mutum takwas ko goma, bangon banɗakinsu ba ya samun awa uku a bushe. Ga ruwan rijiyar burtsatse da a unguwanni da yawa yake barin farin kanta a jiki, matan gida kuma su zo da soson ƙarfe da omo da asid su dirje. Tayil yana jure duk wannan. Fenti fa?

Dalilin da ya sa fenti ba ya son zama a kan tayil ba boyayye ba ne. Wannan sheƙin da ke fuskar tayil gilashi ne, narka shi aka yi a wuta mai zafin sama da digiri 1,000 ya manne da yumɓun. An yi shi ne musamman don kada ruwa ko datti su sami wurin kamawa. Fenti kuma yana zama a bangon filasta ne saboda filasta tana da ƙananan ƙofofi da take tsotsarsa, ya riƙe. A kan gilashi babu abin da zai riƙe, kwanciya kawai yake yi kamar leda. Da zarar ruwa ya sami ƙofa ɗaya, ko a layin farin siminti ko a inda bokiti ya ƙwarzane, sai ya bi ta ƙarƙashi, fentin ya kumbura, ya fara saɓulewa falle-falle. Shi ya sa wanda ya shafa fentin ruwa na ɗaki, ko fentin mai irin na ƙofa da taga, kai tsaye a kan tayil, ya zubar da kuɗinsa ne kawai. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu masu gidajen haya suka mayar da abin hanyar algus. Kwanakin baya na raka ƙanina duba wani gida da zai kama saboda aurensa ya matso. Ɗaki biyu da falo, kuɗi masu nauyi, shekara guda a dunƙule, ga la'adar dillali. Muna shiga banɗaki sai ƙamshin sabon fenti, bango fari tas har yana ɗaukar ido. Yaron nan sai murna yake, yana cewa, “Yaya, ai nan ba sai an taɓa komai ba, ƴan jere ba su da abin cewa.” Na lura babu layin farin siminti ko ɗaya a fili, komai ya zama launi ɗaya. Na sa farce a lungun bayan ƙofa, fenti ya biyo farcena. Na ɗauki makulli na bi tayil ɗin ina ƙwanƙwasawa, na ƙasa-ƙasa wajen famfo duk ƙarar ganga suke yi, alamar sun rabu da bango. Muka zagaya ɗakin da ke bayan banɗakin, ga bango ya yi jirwaye, filasta tana gari kamar an barbaɗa kanwa.

Na ce wa dillalin, “Malam, wannan bangon akwai ruwa a cikinsa.”

Ya ce, “Haba Alhaji, sabon gyara ne fa, satin da ya wuce aka gama.”

Na ce, “Shi ne abin da ya sa na tsorata.”

Muka ce mai gida ya kira falamba a buɗe a gani, in ya gyara mu biya. Aka ce ba za a fasa sabon aiki ba, akwai masu so da yawa. Muka bar musu. Ba na shakkar wani ya kama gidan a satin, don gida yana wuya, kuma ba kowa ke zuwa da makulli yana ƙwanƙwasa bango ba. Wannan bawan Allah zai shiga da amaryarsa, wata uku fenti ya fara zuba, funfuna ta fito, ɗaki ya riƙa warin danshi, kayan gadon da iyayenta suka ci bashi suka saya su fara kumbura ta baya. Ranar da zai tashi kuma a ce shi ya lalata banɗaki, a riƙe masa kuɗin ajiya. Wanda ya san bangonsa na yoyo ya lulluɓe da fenti ya karɓi kuɗin mutane, ya san sunan abin da ya yi, ba sai na faɗa ba.

Kada a fahimce ni a baibai, ban ce fenti a kan tayil ba ya yiwuwa ba. Yana yiwuwa, kuma na ga inda aka yi ya yi kyau. Wani abokina ya yi wa banɗakin baƙi na gidansa, wanda ba a cika wanka a ciki ba, yau ana neman shekara biyu bangon na nan lafiya, in ban da ƴar ƙwarzana a ƙasa inda ake ajiye buta. Bambancin shi ne ya bi ƙa'ida, kuma ya san iyakar abin. Ga yadda aikin yake in za a yi shi tsakani da Allah.

Da farko a tabbatar bangon lafiyarsa ƙalau. A bi tayil ɗaya bayan ɗaya a ƙwanƙwasa, wanda ya yi ƙarar fanko a cire a sake kafa shi, wanda ya tsage a canza. A duba bayan bangon. In ana zargin bututu na yoyo, a cika tankin sama da daddare, a rufe duk famfunan gida, da safe a duba ko ruwa ya ragu. In ya ragu, maganar fenti ta tsaya sai falamba ya gama nasa. Layin farin siminti da ya zaizaye a sake cike shi, a bar shi ya bushe sosai. Inda aka sa silikon, kamar gefen abin wanke hannu, a kankare shi, don fenti ba ya kama silikon ko kaɗan, bayan an gama a sa sabo.

Sai wanki, kuma a nan yawancin aiki ke lalacewa. Kumfar sabulu da man shafawa da kantar ruwa sun yi shekaru suna taruwa a fuskar tayil, ido ba ya ganinsu duka. A wanke da abin da ke cire maiƙo, a ɗauraye da ruwa mai tsabta fiye da sau ɗaya, a bar shi ya bushe aƙalla kwana guda ba a shiga da ruwa ba. Bayan nan a bi da sanfefa a kashe sheƙin, ba wai a cinye tayil ɗin ba, a dai dusashe fuskarsa har ya daina ƙyalli ya ɗan yi kaushi. A goge ƙurar tas da ɗanyen tsumma, a sake bari ya bushe.

Sai shafin farko, wanda masu fenti ke kira firaima. Ba kowace iri ba, akwai wadda aka yi don kama abu mai santsi irin tayil da gilashi, a karanta jikin gwangwani a gani da ido. A samanta kuma fentin da ya fi jure ruwa shi ne ifoksi, mai zuwa gwangwani biyu, ɗaya fentin ɗaya sinadarin da ke daskarar da shi. Ana haɗa su daidai awon da kamfani ya rubuta, ba da ka ba. Da an haɗa ya fara aiki, lokacinsa ƙidayayye ne, kuma zafi yana ƙara gaggauta shi. A zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, in ka haɗa da yawa zai daskare maka a roba kafin ka kai rabin bango, don haka kaɗan-kaɗan ake haɗawa, a yi aikin da sassafe. A shafa siriri sau biyu, da tazarar da aka rubuta a tsakani. Shafi ɗaya mai kauri zuba yake yi, ya bar hawaye a bango. Lokacin hunturu a toshe hanyar ƙura don kada ta manne, da damina kuma a san bushewa za ta ɗauki lokaci.

Sai haƙuri, wanda shi ne mafi tsada a wurinmu. Fentin zai bushe a hannu cikin kwana ɗaya, amma bai gama ƙarfi ba sai wajen mako guda. Duk tsawon wannan lokaci ba wanka a ciki. Gidan da banɗaki ɗaya gare su, su yi wa kansu lissafi tun kafin a buɗe gwangwani. Kuma kafin a yi wa bango duka, a gwada a tayil ɗaya a lungu. Bayan mako a tsaga shi da reza kamar gidan dara, a manna selotef a fizge. In fenti ya biyo, an tsira da kuɗin sauran.

Ko an bi duk wannan, akwai wuraren da ni ba zan ba da shawara ba: daɓen ƙasa, da bangon da ruwan shawa ke duka kullum, da layin ƙasa inda ruwa ke kwanciya. A ƙasa ma akwai haɗarin santsi ga tsofaffi da masu juna biyu. Sannan duk wanda ya yi fentin ya yi sallama da soson ƙarfe da asid, sai soso mai laushi da ruwan sabulu. Ya kuma sani ya ɗauko abin da zai riƙa sabuntawa bayan ƴan shekaru, alhali tayil mai kyau yana iya kai yaro tun yana rarrafe har aurensa. In ka tara kuɗin firaima da ifoksi da sanfefa da ladan ƙwararren mai fenti, wani lokacin za ka ga tazarar da ke tsakaninsa da sabon tayil na gida ba ta kai yadda ka zata ba. A je kasuwa a tambayi farashin duka biyun a rana ɗaya kafin a yanke.

Maganar lafiya kuma kada a yi wasa da ita. Banɗakunanmu ƙanana ne, taga kamar tafin hannu, wasu ma babu. Warin ifoksi da tinna a irin wannan wuri yana sa jiri da ciwon kai, yana tayar wa mai asma ciwonsa, kuma tururinsa yana kama wuta. Kada a kunna ashana ko sigari ko garwashin turare kusa, a buɗe ƙofa a sa fanka tana fitar da iska, yara da masu ciki su yi nisa. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi na gaske, don ƙurar tayil tana illa ga huhu, ifoksi kuma yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje a fata. Yaran nan masu fenti da muke gani suna aiki da ɗan hankici a hanci, mu da muke ba su aiki muna da haƙƙin saya musu abin kariya, ba wani kuɗi ba ne.

Akwai kuma dalma. An daɗe ana sa ta a wasu fentin mai, musamman masu launin ja da rawaya. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a ce ba shi da illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Mu a Arewa mun ga aikinta a Zamfara a 2010, lokacin da yara aƙalla 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum. Can daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce, ƙura ce da yaro ke shaƙa ko ya kai baki. Saboda haka in za a goge tsohon fentin mai a ƙofar banɗaki ko saman bango, a jiƙa shi tukuna, a kwashe garin, kada a bar yara su yi wasa a wurin. Fentin da aka ɗura a galan babu suna babu rubutu, a bar wa mai shi.

Tunda ana maganar wanki, iyayenmu mata don Allah a kiyaye: kada a haɗa bilic, irin su Hypo, da asid ɗin wanke tayil ko ruwan wanke masai. Haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin, a rufaffen banɗaki tana iya shaƙe mutum. A yi amfani da ɗaya, a ɗauraye sosai, wani lokacin a yi da ɗayan.

Ni dai shawarar da na fi ba waɗanda suka tambaye ni ita ce su fara da abin da ya fi sauƙi. Yawancin banɗakin da ake cewa ya tsufa, ba tayil ɗin ne ya mutu ba, layin farin siminti ne ya yi baƙi, kanta ta rufe sheƙi, ga kwan fitila mai duhu. A wanke kantar, a ƙwaƙule tsohon layin a cike da sabo, a canza guda biyar ko shida da suka fashe, a yi wa saman bango da silin fenti, a sa fitila mai haske da sabon famfo. Wallahi sai ka rantse an sake banɗakin. In tayil ɗin yana riƙe da bango gam amma launin ne ba a so, akwai gam na musamman da ake ɗora sabon tayil a kan tsoho ba tare da an fasa ba, sai dai zai ɗan ci faɗin ɗakin, kuma sai falamba ya ƙaro tsawon bakin famfuna.

Wani ɓangare na matsalar kuma mu ne da kanmu. Ango yana fama da lefe da sadaki da kuɗin haya, sai ƴan jere su zo su leƙa banɗaki su ce tayil ɗin na da ne, ƴarsu ba za ta shiga ba. Ba su tambayi ko ruwa na zuwa ba, ba su duba ko masai na tafiya ba, launi kawai. To me zai yi? Zai nemo mai fenti ya shafe a kwana ɗaya don a wuce wurin. Gwaggonni da innoni, ku yi mana afuwa, koren tayil na shekara ashirin da ke riƙe da bango ya fi farin fentin da zai zube kafin a yi sunan fari. Irin wannan tunanin ne ya sa in babban baƙo zai zo gari ake shafe gaban makaranta da asibiti da fenti, rufin yana yoyo, banɗakin ɗalibai ba ya shiguwa. Mun saba da gyaran da ido zai gani, shi ya sa masu yi mana ba sa jin kunya.

Ɗan haya, kada ka shafa fenti a tayil ɗin gidan mutane sai da izinin mai gida, kuma a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne, don cire shi wahala ce babba kuma ana iya cewa ka biya sabo. Ranar da za ka shiga gida ka ɗauki hoton kowane bango ka ajiye. Mai neman gida, je da makullinka, ƙwanƙwasa bango, zagaya bayansa, buɗe famfo ka tsaya minti biyar. Mai gida, in ka yi fentin saboda babu, ba laifi ba ne, amma ka faɗa wa mai shiga, ka kuma gyara yoyon kafin ka rufe.

Masu fenti da masu sa tayil da ke cikin abokaina, ku kuka fi mu sanin aikin. Wace firaima kuka gwada ta riƙe a ruwanmu da zafinmu? Wanda kuma ya taɓa yi a gidansa, ya gaya mana wata nawa ya yi kafin ya fara tashi, in da hali ya sa hoton yadda yake yanzu, don wani ya amfana kafin ya kashe kuɗinsa.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya hore wa kowa muhallinsa.